Makullin Tayoyin Gaba a Yashin Miga

Jama'a, yau kamar ƙasa ta tsage in shige!

Na ɗauko surukina daga Dutse a a-kori-kurar yayana, za mu ɗaurin aure bayan Miga. Sai mota ta kafe a yashi. Na saka giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja. Tayoyin baya sai haƙa suke, na gaba ko motsi!

Na ce, "Baba, ina jin dai aikin Sani bakanike ne. Kamar ba shi da amana."

Manoma suka bar huɗa, suka ɗaura mana shanu. Igiya ta tsinke, wani dattijo ya zauna daɓas!

Na durƙusa zan tone tayar gaba, sai na ga makullin tsakiyarta, wanda sai an kulle shi take ja, a kwance. Ni na kwance na tayoyin gaba biyun jiya don rage shan mai, saboda wahalar man nan! Na faki ido na murɗa duka biyun. Mota ta fito kamar wasa, ana ta kabbara.

Ashe Baba ya gani. Da muka yi nisa, sai ya ce:

"Malam, gobe ka je ka nemi gafarar Sani. Ka ci namansa ba ya nan."