Ranar da Kaka Ta Ba Rifkatu Rumfar Sama

Kakarmu tana da wata al'ada da ta fi rabon nama haɗa jikokinta faɗa. Duk daren da za ta yi mana tatsuniya, sai ta ɗauki sunan ɗayanmu ta laƙa wa jarumin labarin. Ni kaɗai ce mace a cikin 'ya'yan Baba, don haka in dai labarin yarinya ne, ba sai an tambaya ba, sunana ne, Saratu. Na kashe dodanni a bakin Kaka, na auri 'ya'yan sarakuna, har na taɓa yi wa kura wayo a gindin dutsen Kagoro, garin da ta baro ta dawo wurinmu Kafanchan bayan rasuwar mijinta.

A kicin muke zama bayan tuwo, musamman da damina. Ruwa na dukan kwano, masara na gasuwa a bakin murhu, Kaka na zaune a kan turmin da aka kife. Hausarta ba ta damu da raba mace da namiji ba, a kasuwa da coci ta koye ta, amma ba mu taɓa ɓata a cikin labarinta ba. Takan ce, "Wani labari ya sauko daga dutse." Mu kuma mu amsa, "A ba shi kujera."

Ina aji huɗu a firamare aka kawo mana Rifkatu, 'yar ƙanwar Baba, daga Kaduna, saboda uwarta ta kwanta jinya. Sa'ata ce. Tana da takalmin makaranta mai maɗauri, tana jin Turancin rediyo, kuma tana gaishe da manya har ƙasa ba tare da an tuna mata ba. Tun makon farko ta shiga mini hanci da ƙudundune.

Abu ɗaya nake da shi da ba ta da shi: shagon Baba. Gyaran firji yake yi a bayan kasuwa, masu sayar da ƙanƙara da lemo duk shi suke kawo wa. Kafin ya ɗura wa firji sabon gas, sai ya saki ragowar tsohon ya fita iska, yana huci. Mu yara mukan kara hannu mu ji sanyi, mu yi ta tsalle. Wata Asabar na ja Rifkatu can don ta san mu ma ba daga baya ba. Na kara hannuna, na ce ta kara nata.

Ta noƙe. Ta ce, "Kawu, malaminmu ya ce wannan gas ɗin ne yake huda sama. Akwai wani labule a can, ozon, shi ke tare mana mugun zafin rana. Ya ce har ƙasashe sun zauna sun yarda za a daina yin sa."

Baba ya yi dariya har ya ajiye sifana. "Ɗan wannan hucin? 'Yata, ko kwanon shagon nan bai huda ba, balle sama."

Daɗi ya kashe ni. Da yamma na riga kowa kai wa Kaka rahoto, na ƙara gishiri, na ce Rifkatu ta ce sana'ar Baba ce ke lalata duniya. Na zauna ina jiran a yi mata faɗan raina manya. Kaka ta sa ta maimaita maganar malamin, ta tambaye ta ko an ga ramin da ido. Rifkatu ta ce da na'ura ake gani, can ƙarshen duniya inda ƙanƙara take. Kaka ta juya masara. Can sai ta ce labari ya sauko daga dutse.

Wai a da, Ubangiji ya ga Rana tana da zafin rai, sai ya yi wa mutane wata babbar rumfar ciyawa tsakaninsu da ita. Gefen rumfar ya sauko har inda hannu yake kai. Mai sakace ya miƙa hannu ya zari tsinke. Tsoho ya zara ya kunna lofe. Mace ta zara ta cika tsintsiya. Kowa in ya zara sai ya ce, ai ɗaya ne.

"Sai wani yarinya," in ji Kaka, na gyara zama, "sunansa Rifkatu."

Ban ji abin da ya biyo baya da kyau ba, sai daga baya na haɗa shi. Kunnena ya ɗauki zafi, masarar da ke hannuna ta fita daga raina. Na harari Rifkatu ta gefen ido. Ita ko a jikinta, ta tallabe haɓa tana kallon bakin Kaka, kamar ba kayana ta saka ba.

Yarinyar labarin ta ga wani ɗigon rana a tsakar gari, inda ciyawa ta ƙone, ta ɗaga kai ta hango huda. Ta gaya wa manya suka ce ta cika surutu. Hudar ta yi ta faɗi, dawa ta fara bushewa a tsaye, idanun tsofaffi suka yi hazo, bayan jarirai ya saluɓe. Sai aka taru. Aka nemi tsani, babu wanda ya kai. Aka nemi gwanin jinka, ya ce shi bai iya aikin Ubangiji ba. Wata tsohuwa ta ce ciyawar rumfar nan tana da rai, a ƙyale ta kawai. Aka kafa doka, kowa ya janye hannunsa. Mai son tsinke ya tafi bakin rafi ya yanko, yana tafe yana mita.

Ƙanena ya tambaya ko ramin ya rufe.

"Ya rufe mana. Amma waɗanda sun daina zara, ba su gani ba. Jikokinsu ne sun gani." Ta kaɗe zane. "Labari ya koma dutse."

Na cika na yi fam. Na ce, "Kaka, ni fa? Ina nake a ciki?"

Ta dube ni, ba ta ko yi ƙoƙarin lallashi ba. "Kina cikin masu zara. Ke da ni da ubanki."

Na fashe da kuka na bar kicin. Baba yana bakin ƙofa yana sauraro, ya kama ni yana dariya, ya ce to ai ba ni kaɗai ba ce, shi ma an saka shi. Bai rage mini komai ba. Na yi kwanaki ba na ga maciji da Rifkatu. Kaka ta ci gaba da ba ni sunan wasu labaran, amma ni wancan nake so, domin shi ne kaɗai ta ƙirƙira a gabanmu, saboda maganar da ɗayanmu ta kawo. Sauran duk gado ne, kowace yarinya za ta iya shiga. Na roƙe ta ta sake shi da sunana ko sau ɗaya. Ta ce wanda ya gani shi ya gani.

Uwar Rifkatu ta warke, ta koma Kaduna. Kaka ta rasu ina sakandare. Wajen ƙarshen shekarun casa'in firji masu wani sabon irin gas suka fara shigowa shagon Baba, kuma aka ce tsohon gas ɗin kwanansa ya kusa ƙarewa. Baba, da furfura ta fara kama shi, ya koma koyon aiki, don sabon ba ya shiri da man tsohon inji. Mita kam ya sha ta, har a kan tuwo. Amma na lura ya daina kiran yara su kara hannu, kuma in an tambaye shi sai ya ce doka ce, ba ya ƙarawa.

Yanzu nakan ji a rediyo cewa labulen yana haɗewa sannu a hankali tun da aka rage waɗannan sinadarai, kuma zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya koma yadda yake. Baba bai ga ƙarshensa ba, ni ma ban tabbata zan gani ba. Na daɗe kafin na gane cewa wurin da Kaka ta ajiye mu ba wurin banza ba ne. Yarinyar ta ga rami, amma ba ita ta rufe shi ba. Masu zarar ne suka janye hannu, suka sha tafiyar rafi, kuma babu ko ɗayansu da aka ambaci sunansa. Na gane wannan sarai. Ganewa dai ba ta kashe kishi, in ji ni da na gwada.

Ina ba 'ya'yana labarin in wuta ta ɗauke. Kaka ba ta nan, Rifkatu tana can da nata iyalin, na tabbata ma ta manta. Babu mai hana ni. Duk sanda na iso wurin yarinyar nakan ɗan tsaya, sunana yana kan harshena, yara suna jira. Sai in ce, "Sunanta Rifkatu," in ci gaba.