Malam Ɗanasabe, Kocin da Ke Zaɓen Kyaftin a Gona

Kafin ɗaliban kwalejin nan ta kan hanyar Ɗambatta su gama karin kumallo, Malam Ɗanasabe ya riga ya jingine kekensa a jikin darbejiya ya kama tsintsiya. Filin ƙwallon kwando shi ne kaɗai daɓen siminti mai faɗi a duk yankin, don haka kowa yana da rabo a cikinsa. A nan awaki ke kwana, a nan matan ƙauye ke shanyar tattasai da kuɓewa. Shi zai share kashin awakin, shi zai lallaɓi mata su janye shanyarsu gefe kafin yamma, shi zai hura ƙwallaye da famfon keke. Ragar da ke rataye a bakin kwandon ma da hannunsa ya saƙa ta da igiyar rama. Kirista ne, ɗan gidan manoma a wani ƙauye da ke bayan kwalejin, amma da an kira la'asar zai busa usur a tsaya, ka tarar ya riga ya cika butoci ya jere wa yaransa. Haka ya yi shekara sama da ashirin yana horar da 'yan wasan kwalejin, ga shi bana ya ajiye aiki.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi ake yabo. Mutumin nan akwai taurin kai, kuma ba ya tauna magana. Ɗan wasa ya kuskura ƙwallo ta suɓuce masa, sai ka ji Koci daga bakin fili: "Kai, hannu ne da kai ko ludayi?" Sannan a duk shekarun nan bai taɓa ɗauko kofin gasar kwalejoji ba. Sun sha kaiwa kusa su dawo. Ba ya faɗa, amma abin yana cinsa ƙwarai.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu horarwa shi ne yadda yake auna ɗan wasa. Yana duba maki kamar kowa, yana duba gudu da tsalle. Amma kyaftin kam, a gona yake zaɓensa. Duk damina idan gero ya isa maimai, wato noma na biyu, sai ya kira gayya ya kwashi 'yan wasansa zuwa gonar wani tsoho ko tsohuwa da ba su da mai yi musu. Kowa a ba shi fartanya, a nuna masa kunyarsa. A al'adar gayyar ƙauyensu, wanda ya riga kaiwa ƙarshen kunya ba ya zama. Juyowa yake yi ya shiga kunyar wanda aka bari a baya ta ɗaya bakin, ya nomo har su haɗu. Wannan juyowar Malam Ɗanasabe yake jira ya gani. Bai taɓa gaya wa yaran ba, su sun ɗauka motsa jiki ne da neman lada. Sai an kwana biyu da gayya yake faɗin sunan kyaftin a fili, ba wanda ya taɓa haɗa abin da gona. Matarsa Elizabet kaɗai ta sani, don ita ya taɓa gaya wa cewa yaron da bai waiwayi ɗan'uwansa a gona ba, ba zai waiwaye shi ba ranar da aka matsa musu a wasa.

A shekararsa ta ƙarshe Allah ya kawo masa Kamaruddeen, ɗan Zakirai, dogo, mai hannun da ba a taɓa ganin irinsa a kwalejin ba. Daga ko'ina ya jefa sai ka ji raga ta amsa. Ɗalibai tun ba a naɗa shi ba suka fara kiransa kyaftin, shi kuma yana amsawa.

Elizabet ta ce wa mijinta, "Bana ce fa ta ƙarshe. Ka ba yaron nan abin da yake so, ko ka ɗauko kofin nan ka rataye usur da daɗin rai."

Ya ce, "Bari mu je gona tukuna."

Gonar Inna Asiya aka je, wata dattijuwa maƙwabciyar kwalejin da 'ya'yanta suka tafi birni. Aka samu mai gangar noma, 'yan matan ƙauye suka kawo fura. Tabɗi! Ranar Kamaruddeen ya nuna shi ɗan manoma ne. Makaɗi na kiran sunansa, shi kuwa yana keta kunya ƙasa na tashi. Ya riga kowa fita, 'yan mata suka rangaɗa guɗa, ya yar da fartanya ya miƙe ƙafa a gindin ɗorawa ya jawo ƙwaryar fura.

Can baya kuwa an bar Naziru, ɗan Rijiyar Zaki, wanda a birni ya tashi, bai taɓa riƙe fartanya ba sai ranar. Tafin hannunsa ya yi bororo, ga shi ba ya bambance ciyawa da shuka. Inna Asiya ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo gerona! Ɗan nan, ciyawa aka ce ka sare, ba abincina ba!" Aka tuntsire da dariya, muryar Kamaruddeen ta fi ta kowa tashi.

Akwai wani Sabiru, wanda a wajen 'yan ƙwallon kwando gajere ne, aikinsa a fili raba ƙwallo, ba kasafai yake jefawa ba. Shi a tsakiyar mutane ya gama tasa kunyar. Ya share zufa, ya waiwaya, ya zagaya ya shiga kunyar Naziru ta ɗaya bakin. Ya kira wasu biyu da sunayensu suka taso. Da suka haɗu da Naziru sai ya gyara masa riƙon fartanya, ya bar masa ɗan abin da ya rage ya ƙarasa da kansa.

A nan ne Malam Ɗanasabe ya yi ɓarnar da bai taɓa yi ba. Dariyar nan ta ƙona masa rai, ya kasa jira a koma fili. A gaban makaɗi da 'yan mata da kowa ya ce, "Sabiru ne kyaftin na bana."

Kamaruddeen ya ajiye ƙwarya ya miƙe. "Koci, ni fa na riga kowa gamawa. A fili ma wa ya fi ni maki?"

"Babu. Hannu kam Allah ya ba ka. Amma ko sau ɗaya ba ka waiwaya ba. Mai shan fura yana dariyar ɗan'uwansa ba zai ja mini yara ba."

Kamaruddeen ya kaɗe wandonsa ya kama hanya, daga ranar kuma ya daina zuwa atisaye.

Wasannin share fage biyu suka biyo baya, duka aka lallasa su. Surutu ya cika kwaleji, wai tsoho ya kori arzikinsa da bakinsa. A gida ma bai tsira ba. Elizabet ta ce, "Gaskiya ka faɗa, ban musa ba. Amma ɗan mutane ka ci wa fuska a gaban 'yan mata. Kai da kake saurayi za ka so?" Ya sha mur ya fita. Da ya gama cika da batsewa, sai ga shi a motar Zakirai, don yaron can gida ya koma.

Mahaifin yaron, Alhaji Muhammad Auwal, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka gaisa, aka kira Kamaruddeen ya zo ya durƙusa gefe.

Malam Ɗanasabe ya ce, "Alhaji, haƙuri na zo ba ɗanka. Na yi masa faɗa a inda bai kamata ba." Ya juya ga yaron. "Ɗana, na kunyata ka a gaban jama'a. Ka yafe mini."

Kamaruddeen ya ɗago kai. "To kyaftin ɗin fa, Koci?"

"Yana hannun Sabiru. Ko za ka dawo, ko ba za ka dawo ba."

Alhaji ya nemi jin abin da ya faru, aka gaya masa tiryan-tiryan. Ya dubi ɗansa ya ce, "Ka gama kunyarka ka zauna? A gidan nan ka koyi haka?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Kai ne, Malam, da furfurarka ka shiga mota ka je ka ba sa'an ɗanka haƙuri. Kai ne kuma ka san kalma ɗaya za ta dawo maka da shi a ranar, kofin da ka yi shekaru kana nema yana hangenka, ka ƙi faɗinta. Ba kowa zai iya haɗa biyun nan a zama ɗaya ba.

Kamaruddeen ya dawo, amma fuska a murtuke, ko gaisuwa ba ta haɗa shi da Sabiru. Sabiru kuwa ko a jikinsa. Ya ci gaba da miƙa masa ƙwallo duk inda ya gan shi a buɗe, in ya jefa ta shiga shi ne farkon tafa masa. A hankali fuska ta saki. Suka yi ta cin wasa har suka kai na ƙarshe a Kano.

Waɗanda suka je kallo har yau suna ba da labarin. An fi su da maki ɗaya, lokaci ya zo ƙarshe, Sabiru ya ƙwato ƙwallo ya cilla wa Kamaruddeen. Mutum biyu suka rufe shi. Ya sha jefa irin wannan ta shiga, ɗaliban kwaleji kuwa ihu suke, "Jefa! Jefa!" Sai ya hango Naziru a ƙarƙashin kwando ba kowa a kansa, ya miƙa masa. Naziru ya ɗaga ya jefa. Ƙwallo ta zagaya bakin kwandon ta faɗo waje, alƙalin wasa ya busa tashi.

Kash! Malam Ɗanasabe ya nemi benci ya zauna. Naziru ya zube a ƙasa ya rufe fuska yana kuka. Wanda ya fara isa gare shi Kamaruddeen ne. Ya ɗago shi ya ce, "Tashi, Naziru. Ni na ba ka, kuma gobe in na gan ka a wurin zan sake ba ka."

Daga nan ya zo gaban kocinsa ya sunkuyar da kai. "Koci, da na jefa da kaina..."

"Da wataƙila mun ci," in ji tsohon. Idanunsa sun yi ja. Ya kama kafaɗar yaron ya girgiza. "Daidai ka yi, ɗana. Daidai ka yi."

Malamai, masu horar da yara, iyayen gida, da duk wanda zai ɗora wani a gaban mutane: kafin ku ba wanda ya fi kowa iyawa, ku tsaya ku ga abin da yake yi da wanda bai iya ba. In kuma kun yi gyara a inda bai dace ba, ku taka ku je ku ba da haƙuri, ba ya rage kowa.

Malam Ɗanasabe, mun san rashin kofin nan har yau yana maka ciwo, ba za mu ce maka ba komai ba ne. Ka koma gida hannu rabbana. Amma yaron da ya fi kowa iya jefawa, a hannunka ya koyi miƙa wa ɗan'uwansa. Mun gode, Koci. Allah ya ba ka lafiyar hutawa.