Gambar da Baba ya matsar

Ni da aminina ƙauye ɗaya muka fito, can gefen Mallawa. Gonar gidanmu da tasu layin gamba ne kawai ya raba su. Muka girma, muka ajiye tumbi, muka tare a Magariya, shi da butik ɗinsa na kayan waya, ni ina koyarwa a lakwal. Bayan la'asar fadarmu ɗaya a ƙofar butik ɗin, ana dafa shayi ana zuba ƙarya, kuma a wannan fagen ban taɓa zuwa na biyu ba.

Shi ya kawo mana masifar. Ya je Kano sarin kaya, ya dawo da wasan jirgin yaƙi a waya, na tsofaffin jirage masu farfela. Sai ka koyi tashi, ka koyi sauka, ka lura da mai, sannan ka yi harbi. Na faɗo da jirgi har na tabbata da ƙasar wasan ta gaske ce, da ramukana sun zama rijiyoyin da za su shayar da Damagaram duka. Amma na iya. Duk fada muka zama matuƙa, har da mai gyaran moto, wato babur, da bai taɓa ganin jirgi ba sai a sama.

Ana nan sai wani sabon wasa ya fito, na jiragen zamani, roka ce ke bin abokin gaba da kanta. Aminina ya koma can, rabin fada suka bi shi. Muka zama 'yan farfela, suka zama 'yan roka.

"Mushe," ya ce mini wata rana, don haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, "har yanzu injin niƙa kake tuƙawa a sama?"

Na ce, "Gara injin niƙa, mutumina, da hannuna nake tuƙa shi. Naku ko akuya ta taka wayar sai ta kakkaɓo jirgi biyu."

Aka yi dariya. Washegari aka sake, amma dariyar ta ragu. Ya ce wasanmu na tsofaffi ne, na ce nasu na ragwaye ne da 'yan cin amana. Suka fitar da ni daga gurup ɗin fada na waya. Na ɗauki butar shayina da mutanena muka tsallaka hanya, muka kafa tamu fadar a gindin itacen bedi, muna hararar tasu. Gaisuwa ta mutu tsakanina da shi.

Da matar aminina ta haihu aka yi suna a ƙauye. Na je, don uwargidana ta ce in ban je ba kada in nemi tuwo. Rabon goro aikin amini ne, kowa ya sani. Ni kuwa na nemi tabarmar can ƙarshe na zauna kamar baƙo. Mahaifinsa, wanda tun rasuwar nawa nake ce wa Baba, ya lura da ni.

Sai da ruwa ya sauka ya aiko mu zo mu biyu. Muka same shi tare da limamin ƙauye. Baba ya ce, "'Ya'yana, na yi tunani har na gaji. Maza masu furfura ba sa daina gaisawa sai a kan mace, ko gado, ko gona. Mata kowa da tasa. Gado ba ku haɗa ba. Ku biyo ni."

Muka bi shi gona, yana dogara sanda. Layin gambar nan da aka haife mu aka samu, an cire shi saiwa da saiwa an dasa shi can cikin gonarsa. Shi kaɗai ya yi, da ciwon bayansa, don kada gari ya ji.

Ya dube ni ya ce, "Tun mahaifinka na da rai nake zargin layin ya ɗan shiga wajenku. Na yi shiru, ashe shirun ne ya fito a kanku. Ga shi na matsar. To, ku gaisa."

Liman ya ce ba a rufe sulhu sai kowa ya faɗi abin da ke ransa, a binne shi nan. Ni da bakina ba ya hutawa ko a barci, sai na duƙa ina gyaran takalmi. Aminina ne ya yi ƙarfin hali. Ya ce, "Baba, ba gona ba ce." Ya zaro waya, ya nuna masa nasa wasan, sannan ya karɓi tawa ya nuna nawa.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "In ya faɗo, wa ke mutuwa?"

"Babu kowa, Baba."

"To wa ke samu?"

"Babu kowa."

Liman ya juya mana baya yana tari. Ni dai da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shiga na jawo ƙofa.

Na durƙusa na roƙi Baba ya bar mu mu mayar da gambar inda take. Ya ce, "A'a, ɗana. Abin da aka bayar don sulhu a gaban liman ba a karɓar sa. Ku gaisa dai, shi na nema."

Muka gaisa, kowa idonsa a ƙasa. Moto ɗaya muka hau zuwa Magariya.

Gefen nan yana cikin gonata har yau. Wake nake shuka masa, in an yi roro in kai wa Baba duka a buhu. Yakan karɓa, ya sa albarka, sannan ya tambaye ni a gaban jama'a, "Matuƙi, an dai sauka lafiya?"