Gwangwanin Tumatir Goma

Innata alala take sayarwa a Muchia, don haka tun ina ƙarama na san halin wake in ya sha ruwa. Kumbura yake yi, ya matse ɗan'uwansa, har a kifa kwanon ya ƙi zubowa. Da na kai ajin ƙarshe a jami'a a Samaru ina karanta fiziks, na ce a kan wannan zan yi aikin kammalawa: wake nawa ke sa mazubi ya cushe, kuma ko girman mazubin na canza abin.

Mu biyu aka haɗa, ni da wani ɗan ajinmu mai son a ce ya iya. Bokiti bai ba mu wahala ba. Na ja layi da fenti, in busasshen wake bai kai layin ba, zai zube bayan jiƙo, in ya wuce zai kame, kullum haka. Gwangwanin tumatir ne ɗan rigima. Sai in jera goma, in ƙirga wake daidai wa daida, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya, amma shida su kame, huɗu su zube. Washegari kuma bakwai da uku.

"Ki gyara lambobin nan mana," in ji abokin aikin nawa. "Za a ce ba mu iya awo ba, a maimaita mana shekara."

Raina ya ɓaci. Wata uku ina shiga bas daga Sabon Gari da jiƙaƙƙen wake a cinya, fasinjoji na toshe hanci, sannan in zauna in shirya ƙarya? Amma na tsorata, maimaita shekara ba wasa ba ne. Na kai wa inna kuka. Ko ɗagowa ba ta yi daga wankin wakenta ba.

"Ke ma dai. A ɗan gwangwani, ƙwaya biyu in suka kwanta a karkace sai su tokare kowa. A bokiti wa ya san da zamansu?"

Ban goge ko lamba ɗaya ba. Ranar kare aiki na zo da gwangwanayena a faranti. Baƙon malamin da ke jarraba mu ya duba takardarmu, ya tambaya ko wannan watsewar ta lambobin gwangwani kuskure ce.

"Ita ta yi awon," abokin nawa ya ce da sauri.

"Ba kuskure ba ne, Malam," na ce. "Sakamakon ke nan. Ga su, ka kifa da hannunka."

Ya kifa na farko, shiru. Na biyu, shiru. Na uku ya watso wake har kan takalmin abokin nawa. Sai da ya kifa duk goman, sannan ya ɗauki biro ya ce kada a taɓa komai a aikin nan.

Nan take gogan ya durƙusa yana tsintar wake, yana cewa ai dama mun lura da haka. Na riƙe farantina, na bar shi ya tsince shi kaɗai, har ƙwayar da ta shige ƙarƙashin kabad.