Yaya Mai Kyamara da Hotunanta Masu Nauyi

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina cikin ɗakin ajiyar tufafi na gidan tarihi aka zo aka ce mini kin rasu, Yaya. Ciwon da kika yi ta ce mana gajiya ce kawai, ashe shi ne ajali.

Ke ce mai ɗaukar hoton kayanmu, ni kuwa mai kula da tufafi. Ni nake shimfiɗa miki riga a kan tebur, ke ki gyara fitilu. Kowane hoto gida biyu kike ajiye shi. Akwai JPEG, wanda kike kira ɗan aike, don yana da sauƙin turawa. Akwai TIFF, mai nauyi, mai cinye wuri a kwamfuta har ma'aikata su yi ta tsokanarki wai giwa kike kiwo. Sai ki yi dariya ki ce, "Ɗan aiken nan zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba yake yi. Ni kuwa ban yarda na'ura ta zaɓa mini abin da zan manta ba."

Shekarar da bututun ruwa ya fashe a saman ɗakin ajiyar tufafi lokacin hutu, mun dawo mun tarar da riguna sun ruɓe, sun yi baƙi. Ina tsaye ina hawaye, kika dafa kafaɗata.

Bayan nan wani dattijo ya zo neman rigar mahaifinsa da danginsu suka ba mu ajiya. Rigar kuwa tana cikin waɗanda suka ruɓe. Ke kika zaunar da shi a kujerarki, kika faɗa masa gaskiya, sannan kika buɗe babban hoton rigar, na TIFF, a kwamfuta. Kika yi ta ƙara girmansa har zare ya fito ɗaya-ɗaya, har wani ɗan faci a ƙasan aljihu ya bayyana. Ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar.

"Ɗinkin Innata ne," in ji shi. "Bahaguwa ce, dubi yadda ya karkace."

Kika bar shi ya zauna har aka tashi aiki.

Jiya 'yarki ta roƙe ni hotonki a bakin aiki. Na duba ko'ina, babu, don kullum kina bayan kyamara. Sai na tuna wani faranti na tagulla da muka ɗauki hotonsa bara. A ƙaramin hoton, dusu-dusu kawai ake gani a gefensa. Da na buɗe babban na ƙara girmansa, sai ga ki a jikin tagullar kamar a madubi, kin sunkuya, bakinki a buɗe kamar za ki ce mini kada in taɓa teburin. Na janye hannuna ban sani ba.

Har yanzu ina shiga ɗakinki da sallama. Safar hannunki tana nan kan tebur, yatsun a lanƙwashe, kuma babu wanda ya iya ɗauke ta.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ga maigidanki, da 'yarki, da ƙannenki, muna miƙa ta'aziyyarmu. Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu. Amin.