Ƙwan Kwanci na Tsohuwar Jambutu

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, ina ruwana da ƙwai? Amma a zamanin da Jamus ke Garwa ni ke kai nama bariki, kuma kukun Bature bai san sana'ar wani ba sai ta cikinsa. Wai maigida ba ya karyawa sai da ƙwai, na kasuwa kuwa rabi bara-gurbi ne. Ya ce in shiga ƙauyuka in sayo na ranar, daga gindin kaza.

Kukun ya ba ni wata tsohuwar kwat ta soja mai maɓallan tagulla, tukuicin wahala. Kai, na so rigar nan! A wannan zafi na Garwa da ke dafa mutum a tsaye, haka nake fama da ita ina gumi ina taƙama.

A cikinta na je Jambutu, lokacin 'yan bukkoki ne da gonakin dawa. Ciwo ya share musu kaji a shekarar. Aka nuna mini gidan wata tsohuwar Bafillatana, aka ce tata ɗaya ta tsira. Da ɗan Fillancina na kasuwa na gaishe ta.

"Dada, ƙwai nake nema, na Bature."

Ba ta dubi fuskata ba, maɓallan ta duba. Ta shiga bayan rumbu, na ji kaza ta yi kururuwa, ta fito da ƙwai a ƙwarya, da ɗuminsu. Na ce a raina, madalla, sababbi fil. Na miƙa mata gishiri da goro, ta ɓoye hannu a zane. Na ɗauka kunyar Fulani ce, har na yi mata tsiya, na ajiye a bakin ƙofa na tafi ina fito.

Kuku yana da gwajinsa: ya zuba ƙwai a ruwa, sabo ya nutse, rubaɓɓe ya taso. Nawa duk suka taso. Ya buɗe baki zai zage ni, sai muka ga ɗaya yana motsi shi kaɗai a kan ruwan. Da rai a ciki. Daga ƙarƙashin kaza mai kwanci ta kwaso su, saura ƙiris su ƙyanƙyashe.

Wallahi sai ga ni ina tsamo su ɗaya-ɗaya da lallami. Ni da ke yanka sa ban ƙifta ido ba. Na naɗe su a kwat ɗin, na koma da sassarfa.

"Haba Dada! Me ya hana ki ce kwanci take yi?"

"Ranka ya daɗe," ta ce, ni da ta haifi kamata, "ana ce wa bariki a'a?"

Ashe ba ciniki ta ji ba, umarni ta ji. 'Yan tsakin nan su ne za su mayar mata da kajinta, in Allah ya yarda har ta kai ga akuya.

Ta mayar da su gurbi. Ruwa da jijjigar hanya sun riga sun gama da su, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Kazar ta yi ta kwanci har ta rame.

Na riƙa kai mata tsoka da ƙashin miya, cikin rigata ta fawa, don kwat ɗin ban sake sa ta ba. Takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Amma har ta rasu, in ta ji sallamata, sai ta fara kora kazar bayan rumbu kafin ta amsa.