Ƙarfen da Baffa Ya Tone

Ranar Laraba ce, a tsakiyar watan Agusta, da misalin ƙarfe biyar saura kwata na yamma. Mu huɗu ne a zauren gidanmu, a wani ƙauye kusa da Makoda: mahaifina, da ƙaninsa da muke kira Baffa, da ni, sai mai gyaran wuta da aka aika wa ya taho daga Bici a kan babur. Inna tana kwance a ɗaki, hannunta na dama a naɗe da bandeji.

Kwana biyu kafin nan wutar lantarki ta ja ta. An yi ruwa da safe, ta ratso tsakar gida ba takalmi, ƙafa a jiƙe, ta kama murfin firizar da na kawo mata daga Kano za ta ɗauko kunun aya. Hannun ya ƙi sakin ƙarfen. Sai da ta faɗi, nauyin jikinta ya fizge ta.

Wannan mai gyaran wutar shi ya ja wayoyin gidanmu shekara uku baya, shi ya yi na masallaci da na gidaje da dama a unguwar. Baffa kuwa bai jira komai ba. Washegarin faɗuwar Inna, bayan Azahar, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce aikin ha'inci aka yi mana, saura kaɗan a kashe matar yayansa. A wurinmu, maganar da aka yi a ƙofar masallaci kan isa Kunci kafin ranar kasuwa. In ta tabbata, mutumin ya rabu da sana'arsa a yankin ke nan.

"Injiniya," in ji Baffa, "ga injiniyancinka can kwance a ɗaki."

Mutumin ya juya. Ya dubi mahaifina ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, Alhaji. A yi min izini in shiga."

Abin da ya fara yi, ya je wajen mita ya zare fis don yanke wutar gidan, ya jefa a aljihun rigarsa.

"Har da shi za ka tafi?" in ji Baffa.

"In yana aljihuna, Malam, na san ba wanda zai mayar da shi hannuna yana kan waya."

Ya jawo firizar daga bango, ya kwance bayanta. Ɓera ya ci robar wata waya, tsirarar wayar tana gugar jikin ƙarfe. Ya nuna mana, amma bai tsaya nan ba.

"Ɓera ba laifin kowa ba ne," ya ce. "Sai dai ko ya ci, bai kamata wutar ta bi ta jikin Hajiya ba. Na yi mata hanyarta."

Ya buɗe soket ɗin bango ya nuna mana wayoyi uku. Biyu su ke kawo wuta su mayar. Ta ukun, koriya, ba ta kunna komai. Aikinta kawai, in wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfe, ta ɗauke ta ta kai ta cikin ƙasa, fis ya ƙone, komai ya tsaya kafin mutum ya taɓa. Ya ce a raka shi bayan gida.

A yankinmu ba a barin ƙasa a banza. Inda katanga ta ƙare, nan kunyar gona ta fara. Filin bayan gidanmu Baffa ke noma shi, gero a lokacin ya fi mutum tsayi. Muka kutsa, mai gyaran wuta yana bin koriyar wayar da ido inda ta fito daga bango. Ba ta kai ƙasa ba. An yanke ta, an naɗe bakinta a jikin ƙusa, naɗi mai kyau irin na mutum mai tsari.

Ya tsuguna ya tona gindin katangar da hannu. Gawayi ya fito, baƙi, a jiƙe. Ya ƙara tonawa.

"Akwai ƙarfe a nan," ya ce, "dogo, mai launin tagulla. Na kafa shi, na zuba gawayi da gishiri. Ita wayar a jikinsa take ɗaure."

Daga inda muke tsaye ana hango gindin darbejiya, inda ragon Baffa yake ɗaure. Turkensa jan ƙarfe ne. Shekara guda muna wucewa ta gefensa.

Baffa ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Bara ne, lokacin huɗa," ya ce. "Garma ta yi karo da shi. Na ɗauka magina ne suka bari. Wallahi Yaya, ban yi gaggawa ba. Da na yanke wayar sai da na shiga gida na duba. Ƙwai yana ci, fanka tana juyawa, rediyonka ma yana magana. Na ce to, ba ta da wani aiki."

"Ba abin da zai ɗauke, Malam," in ji mai gyaran wuta. "Wannan ba ta aiki sai ranar da wani abu ya lalace." Ya karkaɗe gawayin hannunsa. "Ni ma da nawa laifin. Na binne na tafi, ban kira kowa na nuna masa ba."

Na daɗe ina aikin fassara labarai a gidan rediyo. A takarda mukan rubuta ma'aikacin wutar lantarki, a gida ana cewa mai gyaran wuta, masu girmamawa su ce Injiniya. Duk lokacin da na karanta sunan, abin da nake nufi shi ne wanda ke kawo haske, ko ya maido da shi in ya ɗauke. Ban taɓa sa wa sunan ƙarfen da ke cikin ƙasa ba, ko fis ɗin da ke cikin aljihu. Baffa ma da wannan ma'anar ya duba ƙwai da fanka.

Mahaifina bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Baffa, "A inda ka faɗi waccan maganar, can za ka faɗi wannan."

Baffa ya kwance ragon ya ɗaure shi a jikin bishiya. Da kansa ya girgiza turken har ya fito, da kansa ya haƙa ramin, ya sare gero uku don a sami wuri. Mai gyaran wuta ya goge ƙarfen, ya kafa, ya ɗaura sabuwar waya, ya zuba gawayi da gishiri. Ya gyara firizar, sannan ya mayar da fis. Kafin ya hau babur ya sa aka jera duwatsu a kewaye da wurin, ya kira matan gidan ta bakin ƙofa ya gaya musu abin da ke ƙarƙashi.

Bayan sallar Magariba Baffa ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗi yadda aka yi, bai rage komai ba. Mutumin ya ci gaba da aiki a ƙauyukanmu, kuma duk gidan da ya yi sai ya kai maigidan bayan katanga ya nuna masa wurin. Inna ta warke, amma yatsunta biyu na dama ba su sake lanƙwasuwa ba. Da hagu take jan carbi har ta rasu.